Inda Ragar Tijani Take

Litinin, 15 ga Afrilu, bayan la'asar

Likita ya zo ya tafi. Bai zauna shan shayi ba, shi da sai na janye faranti daga gabansa yake tuna yana da wasu marasa lafiya. A bakin ƙofa ya yi wa Sirin magana ƙasa-ƙasa da Faransanci, wai don kada tsohuwa ta ji. Aji huɗu na yi a makaranta, Faransancina bai wuce na cinikin sabulu ba, amma ai ina da ido, na ga yadda yarinyar ta dafa bango.

Sirin jikata ce, 'yar ɗana Munsif. A kantin magani take aiki, ta dawo gidanmu da kwana tun da jikin kakanta ya yi tsanani. Ita ta ce in riƙa rubutu maimakon yi wa tukwane surutu. Na ce tukwanen ba su kawo ƙarata ba, ke ce dai kike jin haushi ba da ke ake hirar ba.

Ina kwashe kofuna mijina Tijani ya kira ni. Tun da ciwon suga ya ɗauke masa gani, ƙafa ma ta bi bayan ido, kiran nan ne aikinsa.

"Mabruka, kin wanke tutar?"

"Wace tuta kuma, tsoho?"

"Kada ki mai da ni yaro. Ido na rasa, ba hankali ba."

Ya sake jero mini yadda yake so, sai ka ce ban ga an yi wa abokansa ba ɗaya bayan ɗaya. Daga masallaci a lulluɓe makara da tutar ƙungiyarmu Manara, a shiga da shi filin ƙwallo, a ajiye shi a inda ya saba tsayawa, a karanta Fatiha, a busa usur, sannan a wuce maƙabarta. Duk wanda ya taɓa sa rigar ƙungiyar garin nan haka ake yi masa. Liman ba ya so, amma yana kau da kai, don mahaifinsa ma an ajiye shi a gefen hagu. Shi Tijani bakin raga ta wajen teku yake so. Can ya yi ta tsayuwa har mutane suka manta sunansa suka koma kiransa Ƙyaure.

Na ce, "Kai da tafiyar nan tun bara kuke sa rana kuna saɓawa. Sha maganinka."

Ya ce in ce to. Na ce to.

Laraba, 17 ga Afrilu, da hantsi

Na hau kan soro shanya. Kullum ina juya wa wajen filin ƙwallo baya, yau iska ta kwashe mini zanin gado ta sa na juya.

Bari in rubuta sau ɗaya in huta. Babu fili. Rami ne, mai zurfin da zai haɗiye gidanmu har da igiyar shanyar. An kewaye shi da kwano, ƙarafa sun tsiro a ciki sun yi tsatsa.

Tijani bai sani ba. Ya san ana aiki, don kunnensa lafiya lau, ya ji katafila. Ya san yaran ƙungiya suna zuwa buga wasanninsu na gida a filin Bir Salim, garin da a da ko ruwansu ba ma sha ranar wasa. Abin da aka gaya masa, wurin zaman 'yan kallo ake ginawa. Munsif ya durƙusa a gefen gadon nan ya ce, "Baba, ciyawarka ko tsinke ɗaya ba za a taɓa ba." Ina tsaye da butar shayi a hannu.

Shekarar da Manara ta hau rukunin manya aka ɗora ɗana shugaba. A kafaɗa aka kawo shi daga tashar jiragen ruwa har gida, na yi guɗa sai da muryata ta dushe. Mutum yana sayar wa masunta ƙanƙara yana zaman lafiyarsa, sai ga shi cikin kwat yana magana a talabijin. Ya sayo wa ƙungiya mota mai banɗaki a ciki. Ya kawo koci daga Turai da tafintansa. Ya sayo ɗan wasa daga Birazil. Sannan ya ce za a yi kantuna da wurin ajiye motoci a ƙarƙashin fili, a mai da ciyawa a sama. Wurin ajiye motoci! A garin da jiragen kamun kifi suka fi motoci yawa.

An tona, ba a mayar ba. Ɗan kwangila ya kwashe injinansa, aka ɗaure ƙofa da sarƙa. Saura kuma ba na son sani. Munsif yana babban birni Tunis wajen surukansa tun kafin azumi. Wai aiki.

Juma'a, 19 ga Afrilu, bayan an sauko daga masallaci

Hammadi ya zo cin kuskus kamar kowace Juma'a. Cikin waɗanda suka buga ƙwallo da Tijani shi kaɗai ya rage mai iya hawa matakalarmu, shi ma sai ya tsaya a tsakiya ya zagi gwiwoyinsa.

"Ƙyaure, har yanzu kana kwance? Haka kake kwanciya a raga mu muna gaba muna shan wahala."

"Wahalar me? Kai da in ƙwallo ta nufo ka sai ka sunkuya ɗaure takalmi."

Suka yi ta yi. Can Tijani ya ce, "Ciyawa fa? Ana ba ta ruwa?"

Hammadi ya cika baki da kuskus don kada ya amsa. Ni na amsa. Na ce ta yi kore shar, har akuyar maƙwabciyarmu Salha ta tsallaka katanga jiya ta shiga, sai da aka ba ta jan kati. Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

A tsakar gida Hammadi ya tare ni. "Hajiya, me likita ya ce?" Na ce ya ce in rage gishiri. Ya dube ni ya ce, "To ramin fa? Ina za mu ajiye shi?" Na ce ka ci abincina, kuma ka tambaye ni abin da ba ni da shi. Ya sa hularsa ya tafi, ya manta lemon da na ƙulle masa.

Lahadi, 21 ga Afrilu, da yamma

Uku da nema aka ci mu.

Rediyon Tijani ta lalace tun da aka fara shan kashi. Batiranta suna cikin gwangwanin allurata. Ni ce rediyo yanzu. Sirin ta duba waya ta nuna mini da yatsu, ni kuma in shiga in ba da wasa. Yau kunnen doki na ba mu, ɗaya da ɗaya. Ba na ba mu nasara, don in an ci jiragen ruwa sukan yi ta busa ƙaho, zai tambayi ina ƙahon.

"Wa ya ci mana?"

"Ɗan Birazil. Da ka."

Ɗan Birazil ɗin tun da ya zo bai taka ƙwallo ba. Da gwiwa a naɗe ya sauko daga jirgi. Kullum yana zaune a bakin teku yana kallon ruwa. Mai ladabi ne, yana gaishe ni da hannu a ƙirji. Matar mai burodi ta ce ita ke ba shi na safe, an daina biyansu tun lokacin sanyi.

Tijani ya ce, "Da ka? To ai shi ke nan, ba a yi asara ba."

Na fita na wanke kofunan da na riga na wanke.

Talata, 23 ga Afrilu, da safe

Ruwa tun jiya. Ya ƙi tsayawa.

Alhamis, 25 ga Afrilu, bayan azahar

An yi mana rubutu a bango da baƙin fenti. Ba zan kwafa ba. Kalma ɗaya ce da sunan ɗana, kuma wanda ya yi ya fi ni kyan hannu. Sirin ta fita da buroshi kafin ta tafi aiki, tana gogewa tana kuka. Na ce ki bar kukan, fentin ba ya fita da ruwan gishiri. Ta ce, "Kaka, ke komai wasa ne?" Na ce in na daina wa zai dafa muku abinci?

Malamin makarantar nan da yake rako ta gida kullum yana riƙe mata lema, kwana biyu ban gan shi ba, ga shi ana ruwa. Na tambaye ta ko lemar ce ta yage. Ba ta yi dariya ba.

Da hantsi wasu mutum biyu suka zo, takalmansu na ƙyalli, ga ladabi. Munsif suke nema. Na ce ni ma nemansa nake, in kun gan shi ku ce uwarsa na gaishe shi. Ɗayan ya ce, "Hajiya, duk ranar da ya shigo garin nan za mu sani." Na ce to kun fi ni gata.

Na kira shi. Da ƙyar ya ɗauka.

"Umma, yaya jikin Baba?"

"Zo ka gani."

"Umma, kin san in na zo…"

Ban bari ya ƙarasa ba. Na tambaye shi ko yana cin abinci.

Lahadi, 28 ga Afrilu, da yamma

Biyu da nema. Na ba mu kunnen doki. Kocin Turai ya kama hanya, ya bar tafintan a otal.

Litinin, 29 ga Afrilu, bayan magariba

Ruwa ya ɗauke, ramin ya sha ya ƙoshi. Rana na faɗuwa suka fara. Kwaɗi. Ban san garin nan yana da kwaɗi haka ba, kamar an kira su taro. Na tashi zan rufe taga.

"Bar ta a buɗe."

Na bari. Ya daɗe yana saurare, kansa a karkace kamar yadda yake yi in za a buga masa fenareti.

"Mabruka."

"Na'am."

"Daga wajen fili ne."

"Magudanar ruwa ce ta toshe a bayan…"

"Tun ina saurayi nake sauraron ƙaryarki ban taɓa gajiya ba, don kin iya. Amma waɗannan sun fi ki murya."

Na zauna a bakin gado. Bai tambayi wanda ya tona ba. Can ya ce, "Da zurfi?" Na ce da zurfi. "Ragar teku?" Na ce babu.

Ya juya fuska ga bango. Na ɗauka barci ya kwashe shi, sai na ji ya ce, "Kin ce to."

"Tsoho, ruwa ne a wurin."

"Ai ban ce ki kai ni kan ciyawa ba. Cewa na yi inda nake tsayawa."

Laraba, 1 ga Mayu, bayan azahar

Na soya burik, irin samosarmu mai ƙwai, na kai wa mai gadin ramin. Mutumin kudu ne, gashin bakinsa ya fi shi ƙiba, yana zaune cikin wani akurkin kwano shi da kare.

Na ce, "Ɗana, me kake gadi? Kada a sace ramin?"

Ya yi dariya, ya ci, ya lashe yatsu. Da na faɗi abin da ya kawo ni sai ya goge baki ya ce, "Inna, sarƙar nan ba tawa ba ce, ta kotu ce, makullin ma ba ya wurina. Ni kaina na manta kamannin albashi. Ina zaune ne don in na tashi ba wanda zai tuna an taɓa ɗaukata."

Na ce to in kana gadin ina kake kallo? Ya ce ƙofa. Na ce baya fa, ta wajen teku? Ya murɗa gashin baki ya ce, "Inna, wuyana na ciwo, ba ya juyawa can."

Allah ya bar masa wannan ciwon wuyan.

Na leƙa ta wata ɓula a jikin kwano. Ruwa kore, buhunan siminti sun daskare sun zama dutse, wata kujerar roba tana yawo abinta. Na tsaya ina neman inda ragar take. Na kasa. Ni da na tsufa ina kallonta daga kan soro.

Juma'a, 3 ga Mayu, da yamma

Hammadi na zama Tijani ya ce masa, "Ashe har da kai. Kana cin kuskus ɗina kana cin amanata."

Hammadi ya ce, "Matarka ce koci, ni umarni nake bi."

"To yanzu nawa za ka bi."

Na bar musu ɗakin.

Asabar, 4 ga Mayu, bayan la'asar

Hammadi ya tara masunta a gidan shayin tashar jirage. Mata ba sa shiga, sai na tsaya a kantin Salha da ke jikinsa ina zaɓen tsintsiya har aka tashi. Bangon na katako ne.

An yi hayaniya. Wani ya ce gidan da ya binne ƙungiya shi za a taimaka wa? Wani ya ce yanzu ƙanƙara ma sai ya je Bir Salim ya saya suna yi masa dariya. Wani kuma ya ce kuɗin gyaran jirginsa ya ɗauka ya ba Munsif a sayi ɗan wasa, ga shi ba gyara ba ɗan wasa. Na san muryar, Sahbi ne, na sha goge masa hanci suna yara shi da ɗana. Hammadi ya buga sanda a tebur ya ce, "Ban zo roƙa wa shugaba ba. Ƙyaure nake roƙa wa. Waye a nan ubansa bai ɗora shi a wuya ya kalli mutumin nan yana tashi sama ba?"

Sai Sahbin nan dai ya ce injin zuƙe ruwa na jirginsa yana nan, tunda jirgin ba ya fita. Wani ya ce nasa ma. Mai gyaran jirage ya ce yana da katako. Amma da sharaɗi: Munsif ba zai sa kafaɗa a makarar ba.

Hammadi ya zo yana gaya mini yana kallon ƙasa. Na ce na ji, tsintsiya ma ta ji. Ya ce, "Kin yarda?" Na ce ai ba ya nan ma, me zan ƙi?

Na sayi tsintsiyar. Ba ta da kyau.

Lahadi, 5 ga Mayu, da yamma

Na mai da batir a rediyo. Ya saurara har aka zura mana ta biyu, ya ce in kashe. "Tasharki ta fi." Amma yau tashar tawa ba ta kama ba.

Talata, 7 ga Mayu, da yamma

Sun ɓalle kwano ta wajen teku. Injina na aiki tun safe, ruwa na bin tiyo yana gangarawa. Mai gadi yana kallon ƙofa. Ɗan Birazil ya zo da gwiwarsa yana riƙe musu tiyo, ba wanda ya kira shi.

Tijani ya ce, "Wannan injin Sahbi ne, na san tarinsa." Ya ɗan kurɓi miyar sha'ir ya kau da kai.

Ya ce a kira masa yaron. Sirin ta kira ta kara masa wayar a kunne, ni kuma na tsaya a bakin ƙofa ina gyara labulen da ba abin da ya same shi. Ban ji na can ba, na nan kawai na ji.

"Munsif." Shiru. "Ina jinka." Shiru. "A'a, kada ka yi mini bayani, numfashina ba zai kai ba." Shiru mai tsawo. "Kana sa safa? Tunis akwai sanyin safe." Shiru. "To."

Shi ke nan. Sirin ta ce ubanta bai kashe wayar ba, tana jin numfashinsa har ita ta gaji ta kashe.

Alhamis, 9 ga Mayu, bayan magariba

Na wanke tutar. Asu ya ci gefe ɗaya, na ɗinke da zaren da bai dace ba, shuɗina ya ƙare.

Sirin ta zauna tana yanke wa kakanta farce, ta ce in ba ta labarin yadda muka haɗu. Ta sha ji, don shi take so in faɗa. Na ce ranar wasa da Bir Salim ne, ina kan soron gidan kawuna da 'yan mata, na yi atishawa, ya ɗaga kai, ƙwallo ta bi ta tsakanin ƙafafunsa ta shige. Garin nan bai yafe mini ba sai da na yi shekara ina aika wa 'yan wasa abinci.

Daga cikin bargo muka ji, "Ƙarya. Rana ce ta shiga idona."

Na ce, "Da hadari a sama? Allah ya shirye ka, tsoho."

Bai ƙara magana ba yau.

Juma'a, 10 ga Mayu, da yamma

Hammadi ya zo ya zauna a gefen gado. Ba su zagi juna ba. Kuskus ya dawo yadda ya tafi.

Lahadi, 12 ga Mayu, kafin magariba

Mun faɗa rukuni na biyu. Sirin ba ta nuna mini da yatsu ba, kife wayar ta yi. Motar mai banɗaki ma ba ta dawo da yaran ba, an riƙe ta a can. A motocin haya suka dawo, kowa ya biya wa kansa.

Na shiga. Idonsa a buɗe. Leɓensa ya motsa, na kai kunne.

"Nawa?"

Na shirya ƙarya mai kyau, da ɗan Birazil da komai. Sai na ji bakina ya ce, "Huɗu da nema, tsoho. Mun sauka."

Sannan ya ce, "Golan nan… yana saurin fitowa."

Na ce zan gaya masa.

Litinin, 13 ga Mayu, bayan azahar

Tsoho ya cika ɗazu, sai gobe za a kai shi. Hammadi ya zo ya karɓi tutar.

Sirin ta kira Tunis. Ban tambaye ta me aka ce ba.

Talata, 14 ga Mayu, bayan magariba

Mata sun cika gida. Na ce zan hau soro. Salha ta ce bai dace ba, na ce to zo ki riƙe ni. Ta biyo ni, Sirin ma. Abin da aka yi na gani da idona daga sama. Abin da aka faɗa Hammadi ne ya kawo mini da suka dawo.

Bayan la'asar suka fito daga masallaci. Rabon da in ga mutanen garin nan a wuri ɗaya haka tun ranar da aka hau rukunin manya. Yaran ƙungiya a gaba da rigunansu. Can a ƙarshe, bayan kowa, da tazara kamar mai cuta, mutum ɗaya cikin kwat. Ba sai an gaya mini ba, na san tafiyar, ta ubansa ce. Sirin ta damƙe mini hannu. Bayansa wata mota na biye a hankali.

Ba wanda ya ba shi kafaɗa. Ba kuma wanda ya taɓa shi.

Suka shiga ta inda aka ɓalle kwano, suka gangara ta hanyar da katafila take bi. Ruwa ya tafi, laka ta rage. An jera katako layi ɗaya har ciki. Makara na tangaɗi. Suka kai ƙarshen katako suka tsaya.

Suka yi ta tsayuwa.

Sai hannuwa suka fara tashi, wannan na nuna nan, wancan na nuna can. Hammadi ya ce ragar tana daidai da hasumiyar masallaci. Sahbi ya ce ina, daidai da itacen ɓaure take. Aka ce ai ɓauren an sare shi. Wani tsoho ya ce shi ya tsufa yana shafa mata fenti, tana can wajen tulin siminti. Aka ce kai da gidanka ma sai an nuna maka. Mijina a kafaɗar mutane, katako na nutsewa, su suna musu. Na ce wa Salha, ga shi nan, an kawo shi har wurin an rasa wurin.

Sai na ga mai kwat ya sauka daga kan katako. Laka ta kama shi har gwiwa. Ya bi ta gefen mutane yana zare ƙafa ɗaya yana dasa ɗaya. Ya wuce makara, ya wuce inda Hammadi ke nunawa, ya karkata hagu, ya je gindin wani ƙarfe mai tsatsa ya tsaya. Ya juyo ya fuskance su.

Ya ce, "Nan ne."

Sahbi ya ce, "Kai wa ya tambaye ka? Ta yaya ka sani?"

Ya ce, "Ni na tsaya na ce wa direba ya tuge ta. Ƙarfen nan a gurbin turken hagu aka dasa shi, ina kallo."

Suka riƙa ɗebo katakon baya suna miƙawa gaba hannu da hannu har suka isa inda yake. Aka ajiye Tijani a gabansa. Liman ya ɗaga hannu tare da kowa. Hammadi ya sa usur a baki, iska ta ƙi fita, ɗaya daga cikin yaran ya karɓa ya busa. Na ji har kan soro.

An kai shi. An ajiye shi inda yake tsayawa.

Da aka ɗaga makara shi wancan ya kasa ɗaga ƙafa, laka ta riƙe shi. Jama'a suka wuce, suka hau, suka fita, yana tsaye shi kaɗai a ƙasan rami. Can mutum ɗaya ya dawo, ya miƙa masa hannu, ya fizgo shi, ya sake shi, ya juya ya bi jama'a. Sahbi ne. Takalman mai kwat suna can cikin laka.

Na maƙabarta ban tambaya ba.

Yanzu mai kwat ɗin yana zaune a dakalin ƙofarmu, ƙafa ba takalmi, laka ta bushe masa a wando. Bai ƙwanƙwasa ba. Motar na bakin layi, mutum biyun nan masu takalma na ƙyalli ne a ciki, sun kashe inji, sun ce wa Hammadi za su ba shi zuwa safe kafin su tafi da shi. Mata suna kallona. Sirin ma da ido take tambayata.

Na ɗumama ruwa na zuba a bokiti, na ɗora sabulu a kan murfi, na ba ta. Ban ce ya shigo ba. Na dai ce ta gaya wa wancan mutumin, ni ba a taka mini tabarma da laka.